Izun Ƙarshe a Ɗakin Malam Abdulbaƙi

Luba ta gidan Malam Abdulbaƙi, can Kafin Hausa, tun tana 'yar mitsitsiya ba ta iya ganin abu a lalace ta wuce. Rediyon mahaifiyarta, Inna Fatsuma, ya ga ta kansa a hannunta. Ta kwance shi ta mayar ba adadi, wani lokaci ya yi magana, wani lokaci ya yi gum ta sha ranƙwashi. Malam kuwa, mahaifin nata, mai makarantar allo a zauren gida, bai taɓa hana ta ba. Iyakarsa ya leƙo ya ce, "Lubabatu, in kin gama yi wa rediyon fiɗa, allonki na jira." Duk garin shi kaɗai ke kiran sunan nan har ƙarshensa.

A gefen buzunsa ta fara karatu, daga gajerun surori kamar kowane yaro. Akwai guda da ta ba ta wuya sosai, wato Ƙulya, wadda yara ke shiga su yi ta kewayawa su rasa ƙofar fita. Malam ba mai tsawa ba ne. In ta harɗe sai ya buga carbinsa a kan buzu, ƙas, ita kuma ta koma baya ta sake. Ta yi sauka, ta yi boko har jami'ar garinsu, ta yi aure a Dutse, amma har gobe in ta zo surar nan a salla sai ta rage gudu.

A Dutse ta samu aiki a wani ɗan kamfani, shago biyu ne aka fasa bango aka haɗe. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suke sarowa daga Kano, su gyara, su sa musu manhajar nan ta kyauta da kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara, sannan su sayar wa makarantu da ɗalibai. Ita babbar manhajar da ke jan ragamar kwamfuta ba ta jin yaren ƙarafunan da ke jikin injin. Kowane ƙarfe, makirufo ne ko lasifika, yana da 'yar manhajarsa da ke tsayawa a tsakani, tana kai saƙo tana kawowa. Direba suke kiran irin wannan 'yar manhaja a wurin aikin, kuma irinsu ne Luba take rubutawa take gyarawa.

Abin da ya fi cin ranta a aikin shi ne barci. In aka rufe murfin kwamfuta, babbar manhaja takan bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ta ce kowa ya kwantar da ƙarfensa. Direba ya tsayar da aiki, ya adana yadda ƙarfen yake a saite, sannan ya yanke masa wuta. In an buɗe murfi ya mayar da wutar, ya tuna wa ƙarfen duk abin da ya manta, bi da bi, ba tsallake. Kwantarwar ba ta da wuya, tashin ne jidali. Wani injin ya tashi kurma, wani ya tashi bebe, wani ya ƙi tashi sam. Abokiyar aikinta Tabitha, 'yar Filato da aikin gwamnati ya kawo mijinta Dutse, kullum tsokanarta take. "Ke dai reno aka ɗauke ki," in ji ta, "ki lallashi wannan ya yi barci, ki lallashi wancan ya tashi."

Shekaru suka ja, ƙirjin Malam ya fara ba shi wahala. Wata Juma'a da Luba ta je gida ya ce mata yana so ya bar wa ɗalibansa karatunsa, Alƙur'ani daga farko har ƙarshe, da muryarsa, yadda ya ɗauko a bakin mahaifinsa. Luba ta koma Dutse ta zaɓi kwamfutar da ta fi yarda da ita, ta kawo. A gaban ƙanin Malam, Baffa Sani, ta ajiye ta, ta ce, "Baba, kyauta ce, na mallaka maka halak malak." Malam ya sa mata albarka har ta ji kunya ta tashi.

Abubuwa biyu ta yi wa kwamfutar nan, kuma duka don daɗin Malam ta yi su. Na farko, faifan ajiyar da ke cikinta tsoho ne, in yana juyawa ƙararsa na shiga cikin karatu. Malam ya saurara ya ce, "Wannan gyaren fa da ke amsa mini?" Sai ta sa faifan ya riƙa yin shiru muddin ana ɗauka, muryar ta zauna a ƙwaƙwalwar injin, sai Malam ya gama ya danna maɓallin da ta liƙa wa jar leda, sannan komai ya sauka a faifai ya tabbata. Ita kuwa ƙwaƙwalwar nan da wuta take riƙe abu. Wuta na ɗaukewa, komai ya goge.

Na biyu ya shafi barcin. Barcin kwamfuta iri biyu ne. Akwai ƙarami, wanda komai ke kwantawa sai ƙwaƙwalwa kaɗai da ke tsotsar batir kaɗan-kaɗan, da wata 'yar koriyar fitila a gaba tana ƙyaftawa. Akwai mai nauyi, wanda in batir ya kusa ƙarewa injin ke kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwa ya zuba a faifai, sannan ya mutu gaba ɗaya hankali kwance. Luba ta sha fama kafin ta koya wa makirufon tashi daga ƙaramin barci. Ashe ɗan jinkiri yake so bayan an ba shi wuta kafin a yi masa magana, kamar tsohon da aka tasa daga ƙailula. Amma daga mai nauyin ya ƙi. Wata rana Malam ya zauna ya karance izu guda cur cikin Baƙara da ƙirjin nan nasa, aka zo saurare aka ji shiru, makirufo bai farka ba. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya ji. Abin ya yi wa Luba ciwo ƙwarai. A ranar ta toshe hanyar barci mai nauyi gaba ɗaya, da niyyar in ta gano gyaran ta buɗe. Ta ce wa mutan gida, "Kada ku wahalar da kanku, in ya gama ku rufe murfin kawai, za ta yi barci." Aiki ya yi mata yawa a shago, gyaran ya koma sai bayan azumi, daga nan ya koma sai bayan babbar Salla.

Malam ya yi ta karatu a hankali, yau shafi kaɗan, gobe tari ya hana. Har ya zo izun ƙarshe, izun Sabbi, inda gajerun surorin nan suke. Wata safiya da hantsi ya shiga ɗakinsa ya ce kada a dame shi, yau zai sauke. Kafin azahar aka kira Luba a waya aka ce ta tare su a asibiti a Dutse. Ta same shi ba ya magana. Washegari Allah ya karɓi abinsa, aka mayar da shi Kafin Hausa aka yi masa sutura.

Sai bayan an dawo daga maƙabarta, gida ya cika da mata, Inna ta jawo ta kusa. Muryarta ta dishe da kuka. Ta ce, "Ya sauke fa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin sa har Nasi. Ya yi addu'ar sauka, ya bi ku ɗaya bayan ɗaya da suna. Da ya zo kanki ya daɗe, na ji Lubabatu, na sake jin Lubabatu, amma ya yi ƙasa da murya, ban ji me yake roƙa miki ba. Daga nan sai tarin ya sarƙe shi."

Luba ta ce, "Inna, ya danna jan maɓallin?"

"Ina ya ga ta maɓalli, 'yar nan? Ni na shiga na same shi a kife. Da aka fita da shi na rufe murfin, yadda kika ce."

Luba ta tashi ta nufi ɗakin Malam, ta tarar da kwado a ƙofa.

To, kwadon nan yana da tarihi, kuma duk gidan an san shi. Lokacin da kakan su Luba ya rasu, kafin a raba gado wani ya shiga ɗakinsa, Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa ya yi ɓatan dabo har da gafakarsa. Aka yi ta zargin juna. Malam da wani wansa suka yi shekaru ba sa ga maciji, har wan ya mutu ba su shirya ba. Wannan abu ya tsaya wa Malam a rai. Ya sha kiran Baffa Sani ya ce, "Ranar da na mutu ka kulle ɗakina ka riƙe makulli. Kada kowa ya sa ƙafa, ko kai, sai magadana sun taru duka." Baffa ya ɗauki alkawari. Babban ɗan Malam kuwa, Yaya Abdulkahar, yana can Gabon yana fatauci, ko jana'iza bai samu ba, yana ta neman hanyar dawowa.

Ɗakin yana da 'yar taga mai sandunan ƙarfe ta wajen lungun rijiya. Luba ta zagaya ta kara fuskarta. Ga buzu nan a shimfiɗe, ga carbi, ga kwamfutar can ƙuryar ɗaki a kan ɗan benci, wayar cajinta a naɗe a gefe ba a jona ba. Koriyar fitilar tana ƙyaftawa. Muryar Malam na ciki, da izun, da addu'ar, kuma iyakar ransu iyakar batirin.

Ta sami Baffa a zaure bayan la'asar, lokacin da masu gaisuwa suka ɗan ragu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. "Baffa, ba ɗaukar komai zan yi ba. Ka shiga da ni, kana tsaye, in danna maɓalli ɗaya mu fito. Ko kai ka shiga ka jona mata wuta."

Baffa Sani mutumin kirki ne, kada wani ya ce ba haka ba. Idonsa ya yi ja don kukan ɗan'uwansa. Ya ce, "Luba, a gabana kika ce kin mallaka masa. Ta zama kayan gado. Kuma kin san abin da ya ɗora mini."

"Na sani, Baffa. Amma in batirin ya ƙare karatun ya tafi."

"Haba. Wayata kullum sai ta mutu, in kai caji, ta tashi da lambobina duka. Ke da bakinki kika ce barci take yi."

Ta yi bayani, ta sake yi, da ƙwaƙwalwa da faifai da barci mai nauyin da ta toshe. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai. Ba ƙaryata ta ya yi ba, abin ne bai shiga ba, alkawarin kuwa ya shiga tun shekaru. Ya ce ta nemi yayanta, in ya yarda shi ma zai duba. Da ƙyar aka samu Yaya Abdulkahar a waya, layin na yankewa. Abin da ta iya ji shi ne, "A bar komai yadda Baba ya ce. Ina hanya. In ta mutu ma ai sai a caza."

Sai kuma bakin mutane. Kai, wasu matan zaman makoki, Allah ya shirye su. Suna tauna goron sadaka suna raɗa, wai uba bai huce a kabari ba 'yar boko ta fara zagaye ɗaki tana neman kaya. Maganar ta dawo kunnen Inna, tana cikin takabarta, ta kira Luba ta ce, "Don Allah ki rufa mini asiri ki bar maganar nan." Luba ba ta ƙara tayar da ita a gaban kowa ba.

Tabitha ta zo gaisuwa daga Dutse, ta yafa gyale, ta zauna cikin mata ta yi ta'aziyya yadda ake yi. A jakarta akwai babban batir na shago da doguwar waya, don Luba ta gaya mata komai. Suka zagaya lungun rijiya da gorar da ake kaɗe saƙar gizo, suka ɗaura kan wayar a bakinta, suka zura ta taga. Gorar ba ta ko kai rabin ɗaki ba, kuma ramin cajin yana ɓangaren bango. Tabitha ta dubi kwadon daga nesa, ta dubi Luba, ta ce a hankali, "Wannan ai dutse ɗaya ya ishe shi." Wallahi Luba ta so ta yi, har ta hango dutsen da za ta ɗauka a gindin rijiya. Amma maganar Malam ce a jikin ƙofar nan, ba ta Baffa ba, kuma ba ta taɓa tsallake maganarsa ba yana raye. Ta kwance wayar daga gorar ta mayar wa Tabitha.

Daga nan ba abin da ya rage sai kallo. In ta idar da sallar asuba ta je taga. In ta ɗebo ruwa ta je taga. Ta san lissafin, ta san tsohon batir ne, ta san yadda yake raguwa ko ba a taɓa shi ba, kuma sanin bai amfane ta da komai ba sai ƙarin baƙin ciki. Takan tsaya tana kallon fitilar nan tana ce wa ranta, yanzu haka yana ciki yana cewa Lubabatu. Wata safiya ta ga koren ya koma ruwan goro. A daidai nan ne injin zai kwashe komai ya zuba a faifai, da ba ta toshe hanyar da hannunta ba. Da yamma ta dawo ta leƙa, ta ƙura ido har ya yi mata zafi, ba ta ga komai ba. Ta zauna a bakin rijiya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Yaya Abdulkahar ya iso daga baya, a gajiye, ya rame. Aka tara magada, aka kira liman, Baffa ya ciro makulli daga aljihun 'yar cikinsa ya buɗe a gaban kowa. Ba abin da ya ɓata, ko allura. Aka raba lafiya, ba wanda ya ɗaga wa wani murya, abin da Malam ya so ke nan kuma ya samu. Luba ta ce a sa mata kwamfutar a cikin rabonta. Baffa da kansa ya jona mata wuta, yana cewa, "To, tashe ta mu ji." Ta tashi kuwa, tas, kamar sabuwa. Izu hamsin da tara suna nan a jere. Luba ta juya masa allon kwamfutar ya gani. Ya daɗe yana duba wurin da babu komai, sannan ya ce, "Ba ya ciki?" Ta ce, "Ba ya ciki, Baffa." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ɗaliban Malam suka karɓi abin da ya samu, suka rarraba a wayoyinsu. Har yanzu in ka bi ta wasu zaurukan Kafin Hausa za ka ji muryarsa. Sai dai masu fara karatu ba su da rabo a ciki, don surorin da ake fara koya wa yaro su ne babu.

Luba ta koma Dutse, ta koma shago. Ba ta cika hira kamar da ba. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ta jawo kwamfutar Malam ta buɗe direban makirufon. Ashe abin bai taka kara ya karya ba. In wuta ta yanke gaba ɗaya, ƙarfen yana manta wani saiti guda da ba ya mantawa a ƙaramin barci, ita kuma ba ta sa direban ya adana shi ba. Layuka kaɗan ta ƙara. Da ta gani sai da ta tashi ta fita waje ta tsaya a rana, don ƙanƙantar gyaran ta fi komai yi mata ciwo.

Gyara sai da gwaji. Wata ranar Asabar da hantsi, shago ba kowa sai ita da Tabitha, ta buɗe hanyar barci mai nauyi, ta kunna ɗaukar murya. Dole a faɗi wani abu a makirufon. Ta gyara mayafinta, ta yi bisimilla, ta kama izun Sabbi daga farko. Niyyarta ta karanta kaɗan, ta rufe murfi, ta bar batir ya ƙare, ta ga ko muryar za ta tsira. Amma da ta fara sai ta kasa tsayawa. Tabitha ta ajiye abin da take kwancewa.

Ta bi surorin tana gangarowa, tana numfasawa a inda yake numfasawa, har ta iso Ƙulya. Ta rage gudu kamar kullum. Duk da haka ta harɗe, a daidai inda take harɗewa tun tana 'yar mitsitsiya, ta maimaita abin da ta riga ta wuce. Sai ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai, tana jiran ƙarar carbi a kan buzu.

Ta daɗe tana jira. Injin yana ta ɗaukar shirun, Tabitha kuma ba ta san me ake jira ba, balle ta buga.